Kira ga masu situdiyon gida: a daina shaƙe kiɗan fiyano a cikin kwamfuta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu haɗa kiɗa a ƙananan situdiyoyi, musamman matasan da suka mayar da ɗaki ɗaya a gida ko shago a bakin titi wurin sana'a, a nan Bauchi da kuma maƙwabciyarmu Gombe. Sana'ar ta bunƙasa ƙwarai, domin a yau da wuya a yi biki ko taron siyasa ko maulidi ba a yi masa waƙa ba, kuma da yawa daga cikin tallace-tallacen da muke ji a rediyo daga irin waɗannan ɗakuna suke fitowa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata illa da take ƙara yawa a ayyukan da ake fitarwa. Za ka tarar da fiyano mai tsada da makaɗi gwani da mawaƙi mai zaƙin murya, amma idan aikin ya fito sai ka ji shi a shaƙe, ƙara ta yi yawa, kalmomi sun nutse, kunne kuma ya gaji tun waƙar ba ta kai rabi ba. A ganina ɓarnar tana faruwa ne a wurare biyu, wato hanyar da sautin fiyano yake bi ya shiga kwamfuta, da kuma abin da ake jibga masa bayan ya shiga.

Abin da muke kira fiyano a situdiyo, irin su Yamaha PSR da Korg Pa da takwarorinsu na Roland, na'ura ce ta dangin sintasaiza, wadda take samar da sauti ta hanyar lantarki, kuma tana ɗauke da ɗaruruwan muryoyi tun daga sarewa har zuwa ganguna. Masu ƙera ta sun san cewa mai saye zai fara gwada ta ne a kanti, saboda haka kusan kowace murya tana zuwa da amsa-kuwwa da wani ɗan kauri da aka riga aka ɗora mata, wasu manyan samfuran ma har da kwamfuresa a cikinsu, wato abin matse sauti. Wannan ado yana da amfani ga mai kiɗa kai tsaye a wurin biki. Amma mai ɗauka a kwamfuta, idan ya jona fiyanon yadda yake ya fara ɗauka, to ya ɗauki sautin da adonsa a manne, kuma da wuya ya raba su daga baya ba tare da ya yi wa sautin lahani ba. Sai kuma ya buɗe manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase ya ɗora wata amsa-kuwwar a kan ta farko, ya ƙara wani matsin a kan na farko, har muryoyin su cakuɗe. Wanda ya ɗauki sauti tsurarsa kamar mai riƙe da farin yadi ne, kowane launi yake so marini zai yi masa, shi kuwa wanda ya ɗauka da ado a manne rinanne ya saya, abin da ya rage masa kawai ya ƙara masa duhu.

Ban ce a kashe komai ba. Akwai muryoyin da adon nasu shi ne su kansu, kamar kaurin nan da ya yi wa Roland Juno-106 na shekarar 1984 suna, ko rawar da muryar ogan take yi, ko ƙarcen jitar lantarki. Ma'aunin da nake bi shi ne a kashe adon a saurara. Idan muryar ta rikiɗe ta zama wata daban, a mayar da shi a ɗauka da shi, idan kuwa faɗin ɗaki ne kawai ya ɓace muryar tana nan yadda take, a bar shi a kashe, domin kwamfuta za ta iya dawo da ɗakin daga baya gwargwadon buƙata.

Matsala ta biyu ita ce yawancin fiyanonin nan mafita biyu kawai suke da ita, ta hagu da ta dama, don haka mutane suke ɗaukar ganguna da bes da sarewa gaba ɗaya a layi guda. Wanda ya yi haka ya ɗaure hannun kansa, domin duk abin da ya ɗora wa ganga ya ɗora wa sarewa. Maganin wannan ya girmi yawancin masu sana'ar, shi ne tsarin MIDI da aka fito da shi a 1983. MIDI ba ya ɗauke da sauti, umarni kawai yake ɗauka, wato wane maɓalli aka danna, yaushe aka danna shi, da wane ƙarfi, kuma yana da tashoshi 16. Idan makaɗi ya buga kiɗansa kwamfuta ta adana umarnin, to ana iya mayar wa fiyanon da umarnin ya sake buga kowace murya ita kaɗai, ana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kowace a layinta. Waƙar minti biyar mai muryoyi takwas za ta ci minti arba'in na ɗauka, kuma na san mai gaggawar sallamar mawaƙi zai ga lokacin ya yi yawa, amma abin da za a samu na sauƙin gyara ya fi ƙarfin wannan ɗan jinkiri.

Sai kuma batun kebul da ƙarfin shigarwa, wanda a nan ne ayyuka da yawa suke lalacewa tun ba a taɓa wata manhaja ba. Har yanzu akwai masu jawo sauti daga ramin hedifon na fiyano su cusa shi a ramin makirfo na kwamfutar tafi-da-gidanka, alhali wannan rami an yi shi ne domin ƙaramin sauti mai rauni, sautin fiyano kuwa ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Abin da ya dace shi ne saunkad na waje, wato akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, ko da mai mashiga biyu ne irin na Focusrite ko Behringer, a jona fiyanon a mashigar da aka tanada don kayan kiɗa masu ƙarfin layi. A ma'aunin kwamfuta sifili shi ne rufi, kuma duk sautin da ya taɓa rufin nan ya yanke, yankewar da ba ta gyaruwa. Mai ɗauka da tsarin bit 24 yana da sarari a lissafi na kusan desibel 144 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), saɓanin 96 na bit 16, saboda haka babu dalilin kusantar rufin. Ya isa matsakaicin sautin ya tsaya wajen desibel 18 ƙasa da sifili, ƙololuwarsa kuma kada ta haura 6 ƙasa da sifili.

Akwai kuma gurnanin lantarki. Wutar da muke amfani da ita a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan ɗaya, kuma wannan kaɗawa ita ce take shiga kebul ta zama gurnanin da ake ji a ƙarƙashin kiɗa, musamman idan fiyano yana jone a wani soket kwamfuta kuma a wani, ko kuma ana aiki da janareta. Gwaji mai sauƙi shi ne a zare cajar kwamfutar a bar ta a kan batir, idan gurnanin ya ɗauke to an gano hanyarsa. A tara kayan duka a soket ɗaya, a gajarta kebul, a nisanta shi da wayoyin wuta, idan abin ya ƙi a nemi ɗan akwatin nan na DI, wanda ake sawa tsakanin fiyano da saunkad don katse gurnanin. Ina gargaɗi da babbar murya kada wani ya karya ƙafar ƙasa ta filogi don kashe gurnani, domin wannan ƙafa ita ce take kare rai idan na'ura ta samu matsala.

Yanzu bari in zo kan kwamfuresa, domin shi ne ainihin abin da ya dame ni. Aikinsa shi ne ya rage tazarar da ke tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni. Ana sa masa iyaka, duk sautin da ya haura iyakar sai ya danne shi gwargwadon kason da aka ba shi. Idan kason 4:1 ne, sautin da ya haura iyaka da desibel 8 zai fito ya haura da 2 kawai. Sannan akwai saurin kamu, wato lokacin da yake ɗauka kafin ya danne, da saurin saki, wato lokacin da yake ɗauka kafin ya sassauta. Wannan na'ura tana da matuƙar amfani ga muryar mutum, domin mawaƙi yana matsowa kusa da makirfo yana ja baya, yana ɗaga murya yana saukewa. Amma fiyano ba haka yake ba. Muryoyin da ke cikinsa an riga an daidaita su a masana'anta, kuma ƙarfin kowane bugu yana cikin mataki 1 zuwa 127 na MIDI, wanda ake iya gyarawa da hannu a kwamfuta. Idan wani bugu ɗaya ya yi tsalle ya fi 'yan'uwansa, a je a rage masa lamba shi kaɗai, maimakon a danne layin gaba ɗaya saboda shi. Muryoyi masu jan sauti irin na goge da algaita, waɗanda tun asali a miƙe suke, galibi ba su buƙatar matsi ko kaɗan, kuma ɗora musu kwamfuresa don kawai an ga wani ya yi a bidiyo ɓata aiki ne.

Inda matsi yake da amfani shi ne a kan bes, domin ya zauna daram kada wani bugu ya ɓace wani ya yi ruri, da kuma a kan ganguna idan an tara su wuri ɗaya, da muryoyin sintasaiza masu buɗewa da rufewa waɗanda ƙarfinsu yakan yi tsalle ba zato. Ko a nan ma kason 2:1 zuwa 4:1 ya wadatar, kuma idan allurar da ke nuna yawan dannewa tana wasa tsakanin desibel 2 da 4, to an yi abin da ake nema. Saurin kamu shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Daɗin ganga yana cikin kan bugu, wato ɗan lokacin nan na farko da gula ta taɓa fata, kuma idan aka sa kwamfuresa ya kama cikin milisakan ɗaya ko ƙasa da haka, to ya cinye kan bugun ya bar gangar jiki kawai. A ba shi milisakan 10 zuwa 30 kafin ya kama, sai bugun ya fito da kaifinsa. A kan bes kuma akwai wani haɗari na daban, domin sautin da yake kaɗawa sau 50 a sakan yana buƙatar milisakan 20 kafin ya kammala zagaye ɗaya, kuma idan kamu da saki sun fi wannan sauri ƙwarai, kwamfuresa zai riƙa bin jikin kaɗawar kanta yana lanƙwasa ta, sai a ji bes ɗin yana ƙarce kamar lasifika ta fashe.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne idan aka gayyato mai kalangu na gaske ya buga a kan kiɗan fiyano, sannan aka danne shi da irin matsin da aka yi wa gangunan na'ura. Kalangu magana yake yi, makaɗin yana matse igiyoyin jikinsa a hammata yana sassautawa don sautin ya hau ya sauka, yana kuma bambanta bugu mai nauyi da mai sauƙi. Idan aka mayar da bugunsa duka tsayi ɗaya, an kashe rabin abin da aka biya shi ya zo ya yi.

Me ya sa mutane suke ganin matsi yana gyara kiɗa alhali yana ɓata shi? Dalilin yana cikin halittar kunne. Tun a 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa jin kunne ga sautin ƙasa da na sama yana canzawa gwargwadon ƙarfin sauti, ta yadda abu mai ƙara yakan zama kamar ya fi cika da armashi. Kwamfuresa kuwa bayan ya danne sauti akan ƙara masa ƙarfi don cike giɓin, wasu ma da kansu suke ƙarawa, sai mai aiki ya ji abin ya ƙara ƙara ya ɗauka kyau ya ƙara. Hanyar gaskiya ita ce a daidaita ƙarfin sautin da aka matse da wanda ba a matse ba su zama ɗaya, sannan a kunna a kashe a kwatanta. A sani kuma cewa wannan ƙarin ƙarfi ba ya zaɓe, idan an ɗaga sauti da desibel 8 to gurnanin lantarki da huci su ma sun tashi da desibel 8, kuma za a ji su sarai duk inda kiɗa ya ɗan tsagaita.

Na san hujjar da abokan sana'a za su kawo, kuma hujja ce mai nauyi. Mawaƙi yakan zo ya ce waƙar wane ta fi tasa ƙara a waya, don haka a ƙara masa wuta, wanda bai yi ba kuma ya rasa ciniki. Gaskiya ne cewa waƙoƙinmu da yawa ta hannun masu turi da katin waya da Bluetooth suke yawo, inda babu mai daidaita ƙara. Amma a intanet lamarin ya canza, domin Spotify yana daidaita waƙoƙi a ma'aunin ƙara na LUFS 14 ƙasa da sifili, YouTube ma yana rage duk abin da ya wuce wajen wannan mataki, ta yadda waƙar da aka shaƙe don ta fi kowa ƙara za a sauko da ita daidai da sauran, ta rasa ƙarar kuma ba ta dawo da kaifin da ta sayar ba. Gidajen rediyo kuma suna da nasu na'urorin matsi kafin sauti ya hau iska, wanda ke nufin matsi ne a kan matsi. Ko a ƙaramar lasifikar waya ma, abin da yake sa waƙa ta fito fili shi ne ƙarancin cunkoso da tsabtar tsakiyar sauti, domin irin wannan lasifika ba ta iya fitar da sautin ƙasa sosai. A rage muryoyin da suke buga abu ɗaya a lokaci ɗaya, a yi amfani da ikwalaiza, wato abin rage ko ƙara wani yanki na sauti, a yanke ƙasan duk muryar da ba bes ko babbar ganga ba ce, sannan a ƙarshe a sa limita, wato abin da ke hana sauti haura rufi, ya ɗan taɓa ƙololuwa kawai. Masu aiki da FL Studio su duba babban layin fita, domin wasu shimfiɗun fara aiki na manhajar suna zuwa da limita a kai, yana danne sauti tun mai aikin bai sani ba.

Amsa-kuwwa kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Maimakon a ɗora wa kowane layi tasa daban, a buɗe guda ɗaya ko biyu a gefe, kowace murya ta aika mata da ɗan kaso, sai a ji makaɗan kamar a ɗaki ɗaya suke, kwamfuta ma ta samu sauƙi. A yanke mata sautin ƙasa, a kuma jinkirta shigowarta da milisakan 20 zuwa 40 domin asalin sautin ya riga ta isa kunne. Mai son maimaicin sauti ya raba 60,000 da saurin kiɗan, wato yawan bugu a minti ɗaya, idan saurin 100 ne bugu ɗaya milisakan 600 ne, kuma da yake kiɗanmu da yawa tafiyarsa uku-uku ce, kashi ɗaya cikin uku na wannan, wato 200, yakan fi zama daidai da rawar. Abin da ya kamata a riƙa tunawa shi ne waƙar Hausa ta kalmomi ce, mai sauraro yana bin baiti yana jiran amshi, harshenmu kuma ya dogara da hawa da saukar murya da tsawon wasali. Fitowar baƙaƙe tana wajen kaɗawa 2,000 zuwa 4,000 a sakan, kuma nan ne muryoyin goge da ƙaho na fiyano suke da kaifi, don haka a ɗan rage musu wannan yanki a bar wa mawaƙi. Kafin a sallami aiki a haɗe hagu da dama wuri ɗaya a saurara, domin manhajojin faɗaɗa sauti sukan sa wasu muryoyi su dushe a lasifika guda, irin wadda take shagon mai shayi ko cikin Keke Napep.

Ga mai fama da jinkiri tsakanin danna maɓalli da jin sauti, ya duba ma'ajin saunkad ɗinsa, wato yawan gutsattsarin sautin da ake tarawa kafin a sarrafa su, domin idan yana kan 1024 a tsarin gutsattsari 48,000 a sakan jinkirin ya haura milisakan 21, idan kuwa aka sauko da shi 128 bai kai 3 ba. Ya fi sauƙi a saurari fiyanon kai tsaye daga saunkad lokacin ɗauka, a ajiye fulogin masu nauyi, wato ƙananan manhajojin da ake ɗora wa sauti, sai an zo haɗawa. Idan an gama kuma a adana asalin aikin a tsarin WAV, a bar sararin desibel 1 ƙasa da rufi kafin a mayar da shi MP3, kuma kada a riƙa juya MP3 zuwa wani MP3, domin kowane juyi yana zubar da wani abu.

Tun da kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin fulogin na VST a 1996, kayan da a da sai babban situdiyo suke samuwa yanzu suna cikin kwamfutar kowane yaro, kuma wannan ni'ima ce. Sai dai ta sa wasu suna tara ɗaruruwan fulogin na sata waɗanda suke shigo da cuta cikin kwamfuta, alhali kwamfuresa da ikwalaizar da suka zo tare da manhajar sun isa yin duk abin da na lissafa, ga kuma na kyauta halal irin su TDR Nova da Youlean Loudness Meter mai auna ƙara. Abin da yaranmu suka rasa shi ne mai zaunar da su ya koya musu da harshen da suke ji. Muna da tsofaffin injiniyoyin sauti da suka yi aiki a gidan rediyon jiha na BRC da na tarayya na Globe FM, muna da sashen koyar da aikin jarida a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Bauchi, kuma ina kira gare su da su shirya gajerun bitoci da Hausa, inda za a kawo fiyano da saunkad a jona a gaban matasa su ji bambancin da kunnensu. Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka ware wani ɗan gurbi a jaridar nan, ko da sau ɗaya ne a wata, inda masu wannan sana'a daga Bauchi da Gombe da sauran garuruwa za su riƙa aiko da tambayoyinsu masana suna amsawa.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka mai karatu,
wani mai haɗa sauti daga unguwar Jahun, Bauchi.